Wai labaran almara irin na su Tolkien na maza ne kawai?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, tun ina sakandare nake karanta littattafan almara na Turawa, The Lord of the Rings sau uku na karance shi, har The Silmarillion da kowa ke cewa yana da wuya na daure na kai ƙarshe. Kwanan nan aka saka ni a wani guruf na WhatsApp na masu karanta irinsu, ina yin magana sai wani yace wai mata ai fim ɗin kawai suke kallo saboda kyawun jaruman, aka dinga jefo min tambayoyi kamar na je intabiyu, wai in faɗi sunan dokin wane da takobin wane. Malam dama can harkar ta maza ce mu muka yi shisshigi? Kuma tunda littafin da kansa babu mata sosai a ciki, anya ba raina kaina na yi ba da nake sonsa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki biyu ce a dunƙule, kuma 'yan guruf ɗinku cakuɗa su suka yi shi yasa suka rikita ki. Ta farko, su waye a cikin littafin, ta biyu kuma su waye suke karanta shi suke riƙe da shi tsawon shekarun nan. Amsarsu ba ɗaya bace. A ta farko suna da ɗan abin kamawa, a ta biyu kam wallahi babu, tarihi ma ba ya bayansu ko kaɗan. Na shafe shekaru ina koyar da adabi ina kuma jan wata 'yar ƙungiyar karatu ta ɗalibai, to bari in gaya miki abin da na sani.

Mu fara da inda suke da gaskiya

Ba sai mun yi wa Tolkien, marubucin littattafan nan, kwalliya ba. The Hobbit da ya fito a 1937 za ki karanta shi daga bango zuwa bango ba ki ci karo da mace ɗaya da ta buɗe baki ta yi magana ba, sunan mahaifiyar Bilbo jarumin littafin kawai aka ambata, Belladonna Took, ita ma ta riga ta rasu kafin labarin ya fara. A The Lord of the Rings, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1954 da 1955, tawagar da ta ɗauki zoben tsafin da za a je a lalata mutum tara ne kuma duk maza. Matan da suka taka rawa za ki ƙirga su da yatsu, Galadriel, Eowyn, Arwen, sai su Goldberry da tsohuwa Ioreth mai surutu ta gidan jinya da Lobelia mai kwashe wa Bilbo cokula. Labarin soyayyar Arwen da Aragorn ma can ƙarshe aka tura shi cikin rataye.

Dalilin ba ɓoyayye bane in kin dubi rayuwar mutumin. Mahaifiyarsa ta rasu a 1904 yana ɗan shekara 12, wani limamin coci ne ya zama waliyyinsa, makarantar maza zalla ya yi a Birmingham, daga nan sai soja, yana cikin yaƙin Somme a 1916 kuma biyu daga cikin aminansa na makaranta a yaƙin duniya na ɗayan nan suka mutu. Jami'ar Oxford da ya yi karatu sai a 1920 ta fara bawa mata digiri. Majalisar da yake karanta musu rubutunsa, su C. S. Lewis, ita ma maza ce zalla. Sannan tsoffin waƙoƙin jarumta na Ingila da ƙasashen arewacin Turai da ya yi wa hidima a aikinsa na farfesa, galibi labarin sarki ne da dakarunsa. Mutumin da ya taso haka, in ya tashi rubuta labarin amana tsakanin abokan tafiya, sojoji a rami zai tuno, kuma su ya tuno ɗin.

Shi Lewis ma nasa ya fi zafi a wajena. A littafin ƙarshe na jerin almararsa ta Narnia a 1956 ya cire Susan, ɗaya daga cikin yaran labarin, daga cikin 'yan uwanta, wai hankalinta ya koma kan jan baki da safa da zuwa biki. Masu kare shi suna cewa ba kwalliyar ce laifin ba, watsar da imanin da ta yi ne, na yarda akwai wannan, amma har gobe in na zo wajen sai na ji wani iri, me yasa abin da aka zaɓa a matsayin alamar ɓata sai kayan 'yan mata.

Matan da aka manta da su

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, wanda nake so ki riƙe. Da ba don mata biyu ba da wataƙila The Hobbit a durowa zai ƙare. Wata tsohuwar ɗalibarsa Elaine Griffiths ce ta yi wa ƙawarta Susan Dagnall maganar rubutun, ita kuma tana aiki a kamfanin ɗab'i na Allen & Unwin, ta karanta ta matsa masa ya ƙarasa. Kowa ya san labarin yaron nan ɗan shekara 10, Rayner Unwin, da babansa mai kamfanin ya biya shi sule ɗaya ya karanta ya bada ra'ayi, ana ta maimaita shi saboda yana da daɗi, amma su biyun da suka kawo takardun teburin ba kasafai ake tuna su ba.

Ƙungiyar masoyan Tolkien ta Ingila, wadda har yau tana nan, mace ce ta kafa ta a 1969, Vera Chapman, lokacin ta haura saba'in, kuma kin san laƙabin da take amfani da shi? Belladonna Took. Wato macen nan ɗaya tilo da aka ambata a The Hobbit ba a bata ko kalma ɗaya ba, ita ta ɗauka ta saka wa kanta. Zane-zanen Narnia na asali Pauline Baynes ce ta yi, ta kuma yi wa Tolkien zane a wasu ƙananan littattafansa, yana ji da aikinta sosai. Littafin taswirar duniyar Tolkien da masu ji da kansu a guruf suke kafa hujja da shi in ana musu kan tazarar gari zuwa gari, Karen Wynn Fonstad ce ta yi shi a 1981. Margrethe ta ƙasar Danmak tun kafin ta hau gadon sarauta take zana hotunan labarin, har aka buga su a littafi da sunan aro. Bugun araha na Amurka na 1965 da ya sa littafin ya karaɗe jami'o'i, kamfanin Ballantine ne ya fitar da wanda Tolkien ya amince da shi, kamfanin kuma Betty Ballantine ce da mijinta suka kafa. Har fim ɗin da suke miki gori da shi, cikin mutum ukun da suka karɓi kyautar Oscar ta rubutun kashi na uku a 2004, biyu mata ne, Fran Walsh da Philippa Boyens.

Kinga ashe ba shisshigi kika yi ba, gidan da iyayenki mata suka sha aikin gininsa kika shiga.

To daga ina sunan ya samo asali?

Ni a nazarina abu uku ne suka taru, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi sauƙi shi ne masu sharhi. A 1955 wani mai sharhi Edwin Muir ya rubuta a jaridar Observer cewa jaruman littafin duk yara maza ne da suka yi shigar manya, ba su san komai game da mata ba. Zagin littafin ya yi niyya, amma abin da ya maƙale a kan mutane shi ne littafin na samari ne. Kuma abin bai mutu ba, a 2011 wata mai sharhi a jaridar New York Times da take magana kan Game of Thrones ta kira irin wannan labaran na yara maza, matan da suke karantawa suka yi mata caa. Kin lura, wani lokacin mace ce ma take ɗora tambarin.

Na biyu kasuwa, kuma wannan ya fi ƙarfi. A shekarun 1930 akwai wata mujallar araha a Amurka, Weird Tales, a cikinta labaran Conan suka fara fitowa a 1932, ƙato mai takobi. Bangon mujallar yawanci mace ce kusan tsirara a ɗaure tana jiran a cece ta, don an gano irin wannan bangon ya fi ciniki. Abin dariyar ko abin takaicin, mai zana mafi yawan bangunan a wancan lokacin mace ce, Margaret Brundage, tana saka hannu da M. Brundage kawai. Daga baya a shekarun 1960 da 1970 salon ya koma kan bangon littattafai da mujallun zane, namiji sanye da sulke har wuya, mace kuma an bata sulke ɗan mitsitsi da ko sauro ba zai tare ba balle mashi. Yarinyar da ta shiga kanti ta ga wannan, me bangon ya gaya mata? Ko da cikin littafin ba haka yake ba, an riga an kore ta tun daga ƙofa. Ki haɗa da wasan Dungeons & Dragons da ya fito a 1974 ya zama matattarar samari masu son almara, a littafin dokokinsa na 1978 har iyaka aka saka wa ƙarfin jaruma mace, ba za ta kai namiji ba, a duniyar da macizai ke aman wuta matsafa ke tashi sama wai nan ne aka tuna da lissafin ƙwanji. Daga baya sun cire dokar.

Sai na uku, ɓoye sunaye, wanda shi ne yake rufe idon kowa. A 1934 a wannan mujallar dai aka fara buga labarin wata jarumar takobi mace, Jirel, marubucin C. L. Moore. Catherine ce sunanta. Ita dai tace ta taƙaita sunan ne don kar bankin da take wa aiki su gane tana rubutu a gefe, amma sakamakon ɗaya ne, jama'a suka ɗauka namiji ne, har wani marubuci Henry Kuttner ya aika mata wasiƙar yabo yana zaton ɗan uwansa namiji yake wa, ƙarshenta dai a 1940 suka yi aure. Andre Norton da ta rubuta littattafai birjik Alice ce. Mujallar Playboy a 1969 ta nemi Ursula Le Guin ta saka U. K. Le Guin. Har a 1997 kamfanin da ya buga Harry Potter ya nemi Joanne Rowling ta koma baƙaƙe biyu don tsoron yara maza ba za su sayi littafin mace ba, ba ta da suna na tsakiya sai ta ari K daga sunan kakarta Kathleen. To kin ga yadda abin yake zagayawa, a ɓoye matan don ana ganin harkar ta maza ce, sannan a dubi kanta a ce ai ga shi babu mata.

Maganar jarrabawar da suka yi miki

Nan zan daɗe kaɗan don ni ma na taɓa yin laifin. Masoyan labari iri biyu ne a yadda manazarta suke kasa su. Akwai 'yan hadda, su burinsu su san komai yadda marubuci ya ajiye shi, shekarar da aka yi yaƙi kaza, asalin takobi kaza, salsalar sarki kaza har kaka na goma. Akwai kuma masu ɗaukar labarin su juya shi, su yi zane, su ɗinka kayan jaruman, su rubuta cigaba, su tambayi me matar wane take yi a gida lokacin da ya tafi yaƙi. Kowane ɓangare akwai maza akwai mata, amma an daɗe ana ganin na farkon a matsayin na maza, na biyun na mata, kuma sai aka wayi gari na farkon ne kawai ake kira sani, na biyun kuma shirme. Shi yasa jarrabawar kullum sunan doki ce, don ita ce ake iya makawa maki. Daidai yake da yarinya tace tana goyon bayan Arsenal a ce to lissafo mana 'yan wasa sha ɗaya, alhali saurayin da ya shigo majalisar jiya ba wanda ya tambaye shi ko sunan mai tsaron gida.

Shekarun baya wata ɗaliba ta shigo ƙungiyar karatunmu tace ta karanta littafin, ni kuma da bakina, cikin raha a zatona, nace to wane doki Eowyn ta hau zuwa filin daga. Tace Windfola. Sai ta ce Malam ni ma in tambaya, me yasa ta tafi yaƙin, nace don jarumta mana da kishin ƙasarta, tace a'a Malam ka koma ka duba, mutuwa ta je nema. Na koma gida na buɗe, wallahi haka ne, Merry, ɗaya daga cikin tawagar zoben, da ya kalli fuskarta tana cikin shigar maza kafin ya gane ko wace ce, fuskar wanda ya yanke ƙauna yake neman ajali ya gani. Shekara da shekaru tana jinyar kawunta sarki da ya zama kamar gawa, wani munafukin bafade yana binta da ido, 'yan uwanta maza suna da doki da fili su huce haushi ita tana cikin gida, kuma da Aragorn ya tambaye ta abin da take tsoro, keji tace. Na karanta wajen ya fi sau biyar ina wuce shi da gudu don in isa inda ake sara. Tun ranar ban ƙara yi wa kowa irin wannan tambayar ba. Abin da na gani a ƙungiyarmu ba ƙidaya bace, ɗaki ɗaya ne a gari ɗaya, amma dai a ɗakin nan waɗanda suke kai littafi ƙarshe su zo da shi duk sun ja layi a ciki, mata sun fi yawa.

Shi kansa abin ba baƙo bane a wajenmu. An raba mana kasuwa, littattafan soyayya na mata, littattafan yaƙi na sadaukai da matsafa na maza, alhali kowa ya san yayan da yake satar na ƙanwarsa ya karanta a ɗaki, da matar auren da ba ta da abin so kamar na yaƙin. Kuma tatsuniyar Gizo da dodanni da muka fara jin almara a cikinta, a bakin wa muka ji in ba kakanninmu mata ba. Mazan ma tambarin yana cutarsu, saurayi ya karanta inda Sam ya goya Frodo mai ɗauke da zoben a kan dutse ya share hawaye a ɓoye, in ya zo guruf sai ya koma musun waye ya fi ƙarfi tsakanin wane da wane don kar a ce ya yi laushi.

Anya kin raina kanki?

A'a. Ana son abu a kuma ga aibinsa, duk mai iyaye ya san wannan. Ki ce matan sun yi kaɗan, gaskiya ce. Amma ki dubi me aka basu. Sarkin fatalwan nan da aka yi hasashen ba zai faɗi a hannun namiji ba, Eowyn ce ta kashe shi da taimakon Merry, wato mutum biyun da aka ce su zauna a gida. Galadriel an miƙa mata zoben a hannu ta ƙi, abin da Boromir da duk ƙarfinsa ya kasa. A The Silmarillion da kika karanta Luthien ce ta je ta ceto Beren daga kurkuku, ba shi ya ceto ta ba, kuma a kabarin Tolkien da matarsa Edith a Oxford sunayen nan biyu ne a rubuce, Luthien a ƙarƙashin nata, Beren a ƙarƙashin nasa.

Inda ake kai ruwa rana shi ne ƙarshen Eowyn, ta ajiye takobi tace za ta koma warkar da mutane ta auri Faramir. Wasu suna ganin an mayar da ita kicin ne da dabara. Ni ban gani haka ba, don a wajen mutumin da ya ga Somme, barin yaƙi shi ne lada, Faramir da kansa ba mai son takobi bane, Sam ma lambu ya koma. Amma wata ɗalibata ta taɓa ce min to me yasa Eomer da Aragorn suka cigaba da hawa doki suna fita daga, ita kaɗai aka warkar da son yaƙi, kuma gaskiya hujjarta tana da nauyi, na bar mata. Fim kuma da ya zo gyara gibin, ya bawa Arwen aikin Glorfindel na tsallakar da Frodo kogi a 2001, wannan ya yi min, amma Tauriel da aka ƙirƙiro a fim ɗin The Hobbit a 2013 aka liƙa mata soyayyar da ba ta da tushe, a ganina mayar da hannun agogo baya ne, an kawo mace ɗaya kuma aikinta ya ƙare a son wani.

In kina son ki ga marubuciya tana kokawa da wannan gadon, nemi Earthsea na Le Guin. A na farko a 1968 makarantar matsafa ta maza ce zalla, mutanen labarin har karin magana gare su na raina tsafin mata, mace ce fa ta rubuta, don ita ma irin littattafan da ta taso da su ke nan. Bayan shekara 22 ta dawo da Tehanu a 1990 ta ɗora labarin a kan wata bazawara mai kiwo da yarinyar da aka ƙona, ta tuhumi duniyar da ita ta gina da hannunta. Ki karanta su a jere.

Batun guruf kuma zaɓi naki ne. Za ki iya amsa musu, amma ki sani jarrabawar ba ta ƙarewa, kina cin ta doki za a kawo ta takobi. Za ki iya fita, ba faɗuwa bace. Abin da na ga yana aiki shi ne wanda ɗalibar nan ta yi min, ki ƙi zama a kujerar mai amsawa, ki jefa tambayar da hadda ba ta isa, misali me yasa Denethor ya fi son ɗansa Boromir a kan ƙaninsa Faramir, ko wa zai riƙe Rohan, ƙasarsu Eowyn, da a ce duk mazan sun mutu a hanya. Masu karatun gaske a cikinsu za su fito, galibi waɗanda suka yi shiru ne lokacin da ake miki tambayoyin. In kuma wanda ya fara maganar ya dage sai an yi ta sunaye, ki tambaye shi wa ya kafa ƙungiyar masoyan Tolkien ta Ingila a 1969, ki bashi lokaci ya je ya duba a intanet.